Ɗanye, dafaffe ko kaurararre: wane mai mai bushewa ya dace da aikinka?

Idan aka ajiye wa mutum kwalabe biyu na man linsid, wato man da ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro da ake kira filaks, ɗaya tsinkakke, ɗaya mai kauri yana zuba kamar zuma, yawanci zai ɗauka mai kaurin ya riga ya ci rabin tafiya, don haka shi zai fara bushewa. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Akwai mai kaurin da zai bushe a kwana biyu, akwai kuma wanda za a yi mako guda ana taɓa shi yana kama yatsa. Bambancin yana wajen abin da ya kawo kaurin tun farko: ko iska ce ta shige shi, ko kuwa wuta ce kaɗai ta yi aikinta bayan an tsare iska. Hanyoyi biyu ne daban a ilimin sinadarai, kowace kuma tana barin man da irin nata hali. Kafinta da mai zanen fenti da mai haɗa banish duk suna bukatar sanin wannan kafin su buɗe gwangwani.

Abin da ake kira bushewa

Ita kanta kalmar bushewa tana ruɗarwa. Ruwa yana bushewa ne ta hanyar tashi ya bar wurin. Man linsid ba ya tashi. Iskar oksijin yake sha, nauyinsa ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100 a kwanakin farko, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna har abin da yake malala ya koma fata mai tauri. Daga baya nauyin yakan ɗan ragu, domin wasu ƙananan gutsattsari suna ɓallewa su fita, kuma su ne warin da ake ji a ɗakin da aka shafa man.

Kowace ƙwayar man, wato ɗan mitsitsin gininsa da ido ba ya gani, wani sinadari ne guda ɗaya da ake kira gilisarin riƙe da jela uku, kowace jela kuma sarƙa ce ta kabon, galibi guda 18. A wasu wurare a jikin sarƙar, kabon biyu suna riƙe da juna da ɗauri biyu maimakon ɗaya. Mu kira shi ɗaurin tagwai. Jelar da ake kira oleyik tana da ɗaya, linoleyik biyu, linolenik uku. A man linsid, tsakanin ɗaurin tagwai ɗaya da na gaba akwai kabon guda da ke zaune a tsakiya, kuma haidurojin da ke jikinsa ba ya da riƙo mai ƙarfi. Nan ne ƙofar. Da zarar ya fita, oksijin ya zauna a wurin, a samu wani sinadari marar haƙuri da ake kira haidurofeoksaid. Shi kuma ya fashe, ɓarayinsa su kama jelar wata ƙwaya da ke kusa. Tun da kowace ƙwaya jela uku gare ta, kowace jela kuma tana iya kama fiye da ɗaya, abin da ake samu a ƙarshe raga ce, ba igiya ba.

Daga nan ake gane wane mai ne zai bushe. Akwai lissafi mai sauƙi da masu harkar fenti ke yi: a ɗauki kason linoleyik, a ƙara masa ninki biyu na kason linolenik. Idan jimillar ta haura 70, man zai bushe. Linsid yana da linolenik fiye da kashi 50 da linoleyik kusan 16, jimillarsa ta kai wajen 120. Man waken soya yana tsaye a bakin iyakar, shi ya sa ake ce masa mai rabin bushewa. Man zaitun, wanda yawancinsa oleyik ne, ko shekara ya yi a kan katako ba zai yi fata ba, sai dai ya yi wari ya tara ƙura. Wani ma'aunin shi ne lambar aidin, wato giram nawa na sinadarin aidin giram 100 na mai zai iya sha, abin da ke nuna yawan ɗaurin tagwai da ke cikinsa. Ta linsid tana tsakanin 170 da 200, ta zaitun ba ta kai 100 ba.

Man tung, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Sin, shi gininsa daban ne. Kusan kashi 80 na jelarsa eliyositiyarik ce, mai ɗaurin tagwai uku a jere, babu kabon ɗin tsakiya da ya raba su. Lambar aidin ɗinsa ba ta kai ta linsid ba, amma wannan jeruwar ta sa ya fi linsid zafin nama nesa ba kusa ba, a iska da kuma a wuta. Ka riƙe wannan, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Abin da wuta ke yi idan babu iska

Kaurararren mai, wanda masu zane suka fi sani da istan oyil, ana yin sa ne ta hanyar dafa tataccen linsid a zafin digiri 280 zuwa 310 na Salsiyas cikin rufaffen tukunyar ƙarfe, an kori iskar ciki da naitirojin ko kabon dayoksaid, ko an zuƙe ta gaba ɗaya. Dahuwar tana ɗaukar sa'o'i masu yawa, wani lokaci ta wuce yini.

A matakin farko zafin yana tura ɗaurin tagwai su matsa, waɗanda kabon ɗin tsakiya ya raba su koma a jere, kamar na tung. Wannan matakin shi ne mai jan lokaci. Da sun jeru, sai su kama ɗaurin tagwai na wata jela, a samu zobe mai kabon shida da ya ɗinke jelar biyu. Wannan irin haɗuwa masana biyu na Jamus, Otto Diels da Kurt Alder, suka bayyana ta a 1928, kuma a kanta aka ba su kyautar Nobel a 1950. Ita ce bayanin da aka fi dogara da shi a kan kaurin mai a wuta, tare da wasu hanyoyin da kabon ke kama kabon kai tsaye. Abin da ya fi muhimmanci ga mai aiki shi ne ɗinkin na kabon da kabon ne, babu oksijin a tsakani. Irin wannan ɗinki ruwa da haske da tsufa ba sa saurin kwance shi.

Kaurin ba ya hawa a hankali daidai wa daida. A sa'o'in farko lambar aidin tana sauka amma man kusan yadda yake, domin wani ɓangare na ɗinkin tsakanin jelar ƙwaya ɗaya yake faruwa, kuma ƙwaya biyu da suka haɗu ba su isa su canza malalar tukunya guda ba. Daga baya manyan ƙwayoyi su fara kama manya, kaurin ya riƙa ninkawa. Sa'ar ƙarshe tana iya ƙara kaurin da sa'o'i biyar na farko ba su ƙara ba. Idan aka wuce wani matsayi, duk tukunyar ta zama dunƙule guda kamar roba, wanda babu wani ruwan tsinka fenti da zai narkar da shi. Ƙarin zafi na digiri goma sha wani abu yakan ninka saurin aikin, saboda haka ma'aunin zafi da ya yi ƙarya kaɗan ya isa ya lalata dahuwa.

Ana gwada kaurin ne ta ɗiga man a kan gilashi mai sanyi, a taɓa da yatsa a ɗaga, a ga tsawon zaren da zai ja kafin ya tsinke. A masana'anta kuma ana zuba shi a siririn bututun gilashi, a bar kumfar iska a sama, a kife, a ƙirga daƙiƙun da kumfar za ta yi kafin ta hau, a zafin digiri 25. Kaurararren mai na kasuwa yakan fi ɗanye kauri sau ɗari ko fiye.

Yanzu ga amsar abin da muka fara da shi. Wuta ta cinye wani babban kaso na ɗaurin tagwai, ta cinye kuma kabon ɗin tsakiya da oksijin ke shiga ta wurinsa. Ƙofofin sun ragu. Don haka kaurararren mai ba ya saurin fara bushewa, kuma idan ba a sa masa sinadarin busarwa ba yakan fi ɗanyen linsid jinkiri. Amma abin da ya rasa a sauri ya samu a inganci. Oksijin da yake sha kaɗan ne, don haka kumburi da tsukewar fatarsa kaɗan ne, ba ya saurin tsagewa, ya fi jure ruwa, kuma rawayar da linsid ya yi suna da ita tana raguwa sosai, tun da linolenik ce babbar mai kawo ta.

Abubuwa biyu sukan ɓaci a wannan dahuwa. Na farko, idan aka yi amfani da man da ba a tace ba, ƙazantar da ke cikinsa tana dunƙulewa tun kafin a kai zafin da ake nema, ta bar ɗigo-ɗigo kamar majina a cikin man. Shi ya sa ake fara wanke man da sinadarin alkali. Na biyu, zafi mai yawa yana tsinke wasu jeloli daga jikin gilisarin, man ya ƙara tsami. Mai mai tsami idan ya haɗu da garin launi irin su farar hodar zink yakan yi sabulu da shi, fentin ya daskare a gwangwani kamar hanta. Wanda aka dafa a tukunyar da aka zuƙe iskarta ya fi haske kuma ya fi ƙarancin tsami, domin tsinkakkun jelolin suna fita da tururi.

Tung a kan wuta

Tun da ɗaurin tung a jere suke tun daga bishiya, ba ya bukatar matakin farko mai jan lokaci. Kai tsaye yake shiga ɗinki. Akwai tsohon gwajin ingancinsa da aka gina a kan wannan: a ɗora shi a digiri 282, tsantsar tung zai daskare cikin minti 12 ko ƙasa da haka. Idan ya wuce haka yana malala, an gauraya shi da wani mai. Ka kwatanta wannan da linsid da ke shafe sa'o'i a zafi ɗaya.

Ɗinkin kuma yana fitar da nasa zafin, don haka tukunyar tung tana iya ci gaba da hawa ko an janye wuta. Masu dafa shi sukan tsaya a wajen digiri 225 zuwa 240 idan kauri kawai ake so, ko su dafa shi tare da ƙaro ko linsid don rage masa gudu, kuma suna ajiye sanyayyen mai a gefe da za su zuba nan take su karya zafin.

Me ya sa ake wahalar dafa shi? Ɗanyen tung idan aka bar shi da ɗan kauri a kan abu, samansa yana bushewa da sauri ya kumbura alhali ƙasa na nan da ruwa, sai fatar ta yamutse ta yi hazo kamar gilashin da aka goge da yashi. Dahuwa mai kyau tana rage wannan zafin naman, fatar ta fito sumul tana sheƙi. Banish ɗin jiragen ruwa na gargajiya, wanda ake haɗa tung da ƙaron fenol, daga nan ya samu ƙarfinsa a gaban ruwa.

Waɗanda iska ta kaurara

Hurarren mai ana yin sa ne da hura iska ta cikin mai mai ɗumi, a digiri 100 zuwa 150. Shanyayye kuma ana zuba shi a faranti mai faɗi, zurfin bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba, a rufe da gilashi ta yadda iska za ta shiga ƙura ba za ta shiga ba, a bar shi a rana makonni, ana motsawa kullum don kada ya yi fata. Waɗannan biyun su ne da gaske suka ci rabin tafiya. Sun riga sun sha oksijin, suna ɗauke da sinadaran da ke tayar da bushewa, don haka suna bushewa da sauri fiye da ɗanye. Rana kuma tana washe launin shanyayye ya yi haske.

Illarsu ita ce aikin da aka fara ba ya tsayawa. Suna ci gaba da kauri a cikin kwalba har su daskare, musamman idan kwalbar rabi ce. Ɗinkinsu kuma akwai oksijin a tsakiya, wanda bai kai na kabon da kabon ƙarko ba. Idan aka ci gaba da ba linsid iska har ƙarshe, ana samun abu mai kama da roba, wanda Frederick Walton na Ingila ya gina shimfiɗar linoliyam a kansa a shekarun 1860.

Dafaffe, wanda yawanci ba a dafa ba

Sunan tsoho ne. A da ana ɗumama linsid da garin dalma ko manganis har ƙarfen ya narke a ciki. Yau abin da ake sayarwa da sunan dafaffen linsid galibi mai ne da aka zuba wa sinadaran busarwa, wani lokaci an ɗan ɗumama shi ko an hura masa iska, wani lokaci har da ruwan tsinka fenti. Kaurinsa bai fi na ɗanye da yawa ba. Ƙarfen da ke ciki aikinsa shi ne fasa haidurofeoksaid da sauri, sai bushewar da ke cin kwana uku zuwa mako ta dawo yini guda.

Sinadaran ba aiki ɗaya suke yi ba. Kobal daga sama yake busarwa, kuma kaɗan ake sawa, wajen kashi 0.02 zuwa 0.06 cikin 100 na nauyin man idan aka ƙirga ƙarfen zalla. Manganis yana aiki sama da ciki, amma yana da duhu, yana ɓata farin fenti. Zakoniyam yana taimaka wa cikin fatar ya ƙarfafa, kalsiyam kuma yana taimaka wa sauran. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara kobal don a yi sauri. Sai sama ya rufe kamar murfi, oksijin ya kasa isa ƙasa, a samu fata mai yamutsewa da laushi a ciki wanda zai iya kai watanni. Yawan sinadarin busarwa kuma ba ya daina aiki bayan man ya bushe. Yana ci gaba da tsufar da fatar har ta yi gautsi.

To, wanne za ka ɗauka?

Idan katako za ka shafa kana so man ya shige cikin naman itacen, ƙananan ƙwayoyi kake bukata, wato ɗanye ko dafaffe ko tsantsar tung. Kaurararre manyan ƙwayoyinsa a sama suke zama, sai an tsinka shi sosai. Tsakanin ɗanye da dafaffe, a ganinmu dafaffe ya fi dacewa da yawancin aikin cikin gida, kamar ƙotar kayan aiki da kujera da kanta. Ɗanye ya fi shiga ciki tun da yana daɗewa da ruwa, amma jiran kwanaki tsakanin shafa da shafa yana ba ƙura dama. Hanyar shafawa ɗaya ce: a jiƙa katakon, a jira minti 15 zuwa 30, a goge duk abin da bai shige ba har tsumma ya fito kusan a bushe. Dafaffe a ba shi sa'a 24 kafin shafa ta gaba. Kusan duk katakon da ya daɗe yana danƙo, ragowar man da ba a goge ba ne. Gyaransa shi ne a wanke da ruwan tsinka fenti, a goge, a bar shi a wuri mai iska da ɗumi.

Idan abin zai riƙa haɗuwa da ruwa, kamar saman tebur ko ƙofar waje, tung ya fi linsid, kuma ba ya yin rawaya kamar sa. Linsid a wuri mai laima yakan yi baƙin fumfuna. Sai dai tsantsar tung yana son haƙuri: shafa biyar zuwa bakwai, kwanaki tsakanin kowace, da ɗan gugar samfefa mai laushi, kuma abin da za a samu ba mai ƙyalli ba ne. Kaurararren tung da aka tsinka yana gina fata da sauri, yana bushewa da wuri, yana sheƙi. Ga wanda ke son kariya daga ruwa ba tare da jiran makonni ba, shi muka fi gani. Amma kada a yaudari kai. Babu man da aka shafa aka goge da zai kai banish mai kauri kare katako daga rana da ruwan sama. Duk mai a waje sai an riƙa sabunta shi.

A kula da abin da aka rubuta a gwangwani. Da yawa daga cikin abubuwan da ke ɗauke da sunan tung banish ne da aka tsinka. Gwajin ba shi da wuya: ɗiga kaɗan a kan gilashi ka bar shi kwanaki. Tsantsar ɗanyen tung zai yamutse ya yi hazo, farce kuma zai shige shi. Banish zai bushe garau da tauri.

Abin da baki ko abinci zai taɓa, kamar cokalin katako ko kayan wasan yara, a guji mai sinadarin busarwa. A nemi ɗanye, ko tsantsar tung, ko kaurararren da mai yin sa ya tabbatar babu ƙarfe a ciki, a kuma bar shi ya gama bushewa sarai, wanda yakan kai wata guda.

Ga mai zane lissafin ya sha bamban. Wajen niƙa garin launi, tataccen linsid ake so, domin fentin ya tsaya yadda burushi ya bar shi. Kaurararre yana sa fenti ya kwanta, sawun burushi ya ɓace, saman ya yi santsi kamar tangaran. Wannan alheri ne ga mai son siririn launi mai ganin ƙasa a shafar ƙarshe, matsala ce kuma ga mai son a ga tudun burushinsa. Ana tsinka shi kashi ɗaya da kashi biyu ko uku na tafintin, wani irin ruwan tsinka fenti. Wurinsa shafar sama ce. Idan aka sa shi a ƙasa aka ɗora fenti mai saurin bushewa a kai, na sama zai yi tauri na ƙasa yana motsi, sai tsagewa. Santsinsa kuma yakan sa shafa ta gaba ta ƙi kamawa, ta taru ɗigo-ɗigo. Wanda ke son kauri tare da sauri, shanyayye ya fi masa, muddin zai haɗa kaɗan ya yi amfani da shi da wuri.

Fari da shuɗi mai haske su ne rawayar linsid ta fi ɓatawa. A nan ana komawa ga mai mai ƙarancin linolenik, irin su man 'ya'yan tsirran da ake kira safulawa da fofi. Ba sa rawaya sosai, amma suna jinkirin bushewa kuma fatarsu ba ta kai ta linsid ƙarfi ba, don haka ba a gina ƙasan zane da su. Wani abin da ya kamata a sani: zanen linsid da aka ajiye a duhu yakan ƙara rawaya, idan kuma aka fito da shi hasken rana marar zafi na wasu kwanaki yawancinta tana washewa. Shi ma garin launi yana da hannu a sauri. Garin launin ƙasa da ake kira amba, mai ɗauke da manganis, yana busar da mai da wuri, baƙin kabon kuma yana jan lokaci, har yakan shanye sinadarin busarwar da aka zuba.

Kowanne ka zaɓa, sanyi ƙasa da digiri 10, laima mai yawa, duhu da rashin iska duk suna ja masa birki. Wasu itatuwa masu maiƙon kansu, irin su rozwud, suna ɗauke da sinadaran da ke kashe aikin oksijin, mai ya ƙi bushewa a kansu. A goge su da ruwan tsinka fenti kafin shafa, a kuma gwada a ɗan guntu tukuna.

A dafa da kai ko a saya?

Shanyayye kowa zai iya yi, babu haɗari a ciki. Kaurararre kuwa shawararmu a saya. Tururin linsid yana iya kama wuta idan ya ga harshenta tun daga wajen digiri 220, kuma man yana iya tashi da kansa a wajen digiri 340. Zafin dahuwar yana tsakanin waɗannan biyun. A buɗaɗɗiyar tukunya, sama tana shan iska ƙasa tana dahuwa, sai a samu gaurayen hanyoyin biyu: mai mai duhu, mai tsami, wanda ba a iya maimaita irinsa. Masu haɗa tawadar ɗab'i na da sukan bar shi ya kama wuta da gangan sannan su rufe, amma a fili suke yi nesa da gini, kuma baƙar tawada ba ta damu da duhun mai ba. Hayaƙin yana ɗauke da wani sinadari mai suna akrolin, wanda ke fitowa daga fashewar gilisarin, yana ƙona ido da huhu. Ɗigon ruwa da ya faɗa cikin mai mai wannan zafi yana zama tururi mai girman da ya ninka nasa fiye da sau 1,000, ya watsa man. Don haka wutar mai ba a kashe ta da ruwa, murfin ƙarfe ake kifawa.

Haɗarin da ya fi kusa da kowa ma ba na tukunya ba ne, na tsumma ne. Shan oksijin yana fitar da zafi. A kan katako zafin yana bin iska ba a ji. A tsumman da aka dunƙule, man ya bazu a kan zare masu yawa, iska na shiga, zafin kuma ba shi da mafita. Zafi ya ƙara wa aikin sauri, saurin ya ƙara zafi, cikin 'yan sa'o'i tsumman ya fara hayaƙi ya kama ba tare da ashana ba. Gobarar dogon ginin One Meridian Plaza a birnin Filadelfiya na Amurka a watan Fabrairun 1991, wadda ta ci ran 'yan kwana-kwana uku, daga tsummokaran man linsid ta tashi. Dafaffe ya fi kowanne haɗari a nan saboda sinadarin busarwarsa, amma duk sauran ma suna yi. Bayan aiki, a baje kowane tsumma shi kaɗai a waje a kan siminti ko a rataye a waya har ya bushe ya yi tauri, ko a nutsar da su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Haka za a yi da garin katako da takardar da man ya jiƙa.

Ragowar man kuma a juye shi a ƙaramar kwalba da zai cika ta har wuya, a rufe sosai, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Kaurararre ya fi daɗewa a ajiye, ɗanyen linsid na biye da shi. Tung da dafaffe da shanyayye su ne ke saurin yin fata a gwangwanin da aka sha rabinsa, don haka a saye su daidai aikin da ke gaba.